Makarantar Kirista Mai Tsarin Kilasikal a Amurka: Manufarta da Yadda Yini Yake Tafiya a Cikinta

"Salama, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni da maigidana 'yan asalin Zariya ne, muna zaune a jihar Texas ta Amurka tare da 'yarmu mai shekara bakwai. Faston ikilisiyarmu ya ba mu shawara mu cire ta daga makarantar gwamnati mu kai ta wata makarantar Kirista da suke kira kilasikal. Mun je mun gani: yara cikin kayan makaranta, babu waya, babu kwamfuta a aji, kuma an ce daga aji na 3 za a fara koya musu Latin, harshen da babu mai magana da shi yanzu. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Mene ne ainihin manufar irin wannan makaranta, me yara suke yi tun safe har a tashi, kuma ba za a bar 'yarmu a baya ba a kimiyya da na'ura?"

Salama, 'yar'uwa, na gode da tambayarki. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko wannan makaranta tana da wata manufa ta gaske da ta raba ta da sauran makarantun Kirista, ko kuwa tsohon yayi ne aka yi wa sabon suna domin a karɓi kuɗi mai yawa, sannan ko yarinyar da ta shafe ƙuruciyarta tana haddar Latin da karanta marubutan da suka rasu tun ƙarnuka da dama za ta iya gogayya da tsararrakinta ranar da za ta nemi jami'a. Na koyar da tarihi da mandiƙi a irin wannan makaranta a ɗaya daga jihohin kudu na Amurka, bayan na koyar a wata sakandaren mishan a gida, saboda haka yawancin abin da zan faɗa daga aji da ɗakin malamai ya fito. Hukuncina bai kai ga ita makarantar da aka nuna muku ba, domin babu hukumar da ta mallaki sunan kilasikal, duk wanda ya ga dama yana iya rubuta shi a allon ƙofarsa, kuma na ga makarantu biyu masu wannan suna da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Inda tsarin ya samo asali

Tsarin yana da tushe biyu, ɗaya tsoho ƙwarai, ɗayan kuma bai kai shekara ɗari ba, masu tallar makarantun kuwa sukan cakuɗa su kamar abu guda ne. Tsohon tushen shi ne fannoni bakwai da makarantun Turai suka gada daga Girkawa da Romawa. Uku daga ciki na harshe ne, wato nahawu da mandiƙi da balaga, sauran huɗun kuma na ƙidaya ne, wato lissafi da ilimin awon siffofi da kiɗa da ilimin taurari. Malamai irin su Boethius da Cassiodorus ne suka adana su a ƙarni na 6 bayan daular Roma ta yamma ta rushe, sannan Alcuin, mutumin York ta Ingila, ya shimfiɗa su a makarantar fadar Sarki Charlemagne a ƙarshen ƙarni na 8, daga nan suka zama ƙashin bayan karatu a gidajen ibada da jami'o'in Turai. Ke da kika tashi a Zariya wannan ba baƙon abu ba ne a gare ki, domin a zaurukan malaman birni ɗalibi yakan karanta nahawu da mandiƙi da balaga a matsayin kayan aikin da zai fahimci tafsiri da fiƙihu da su. Mandiƙin da ake karantawa a zauren da wanda ake koyarwa a makarantar da kuka ziyarta duka daga Aristotle suka gangaro, ɗaya ta hanyar fassarar Larabci da aka yi a Bagadaza, ɗayan ta hanyar Latin. Hujjar ma iri ɗaya ce: wanda zai tunkari littafi mai nauyi, sai ya fara mallakar harshe da ƙa'idar tunani.

Sabon tushen kuwa wata lacca ce da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ta kuma ga yadda rediyo da jarida suka juya tunanin al'ummomin da kowa a cikinsu ya iya karatu. Kokenta shi ne makarantu suna cusa wa yara darussa barkatai amma ba sa koya musu yadda ake koyo, ko yadda mutum zai gane cewa ana yaudararsa da kalmomi. Sai ta ɗauki fannonin harshe ukun nan ta ɗora kowanne a kan wani mataki na girman yaro. Ƙaramin yaro yana son maimaici da hadda kamar aku, to a ba shi nahawun kowane fanni, wato sunaye da ƙa'idoji da ranaku. Mai shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu yana son gardama da kama manya da kuskure, to a koya masa mandiƙi ya yi gardamar bisa ƙa'ida. Matashi kuma yana son a ji muryarsa, to a koya masa balaga. Ita da kanta ta faɗa cewa ba ƙwararriyar malama ba ce, kuma yaron da ta fi sani shi ne ita kanta lokacin tana ƙarama. Ina ambatar wannan ne domin za ki ji wasu shugabannin makarantu suna maganar matakan nan uku kamar haka aka yi ta yi tun zamanin Romawa, alhali shawara ce ta mace ɗaya mai basira. Tana da amfani wajen tsara manhaja, amma na ga yara 'yan shekara bakwai masu iya kawo hujja, na kuma ga 'yan shekara sha shida da har yanzu suna buƙatar hadda.

A Amurka shawarar ta sami ƙasa mai dausayi saboda wani dalili na daban. A 1962 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, a 1963 kuma ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a cikinsu. Makarantun Kirista masu zaman kansu suka yawaita, sai dai da yawa daga cikinsu manhajar gwamnati suka ɗauka suka ƙara mata darasin Littafi Mai Tsarki guda ɗaya. A farkon shekarun 1980 wasu iyaye da fastoci suka ga wannan bai wadatar ba. Mafi shahara a cikin makarantun da aka buɗe a lokacin ita ce Logos School a garin Moscow na jihar Idaho, wadda ta fara aiki a 1981, kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa ta, Fasto Douglas Wilson, ya rubuta littafi a 1991 wanda ya yaɗa tsarin. Daga nan aka kafa ƙungiyar makarantun kilasikal na Kirista da ake kira ACCS a wajajen 1994, wadda a yau take da ɗaruruwan makarantu a ƙarƙashinta, yawancinsu na Furotesta. Katolika ma suna da nasu, irin su makarantun Chesterton da suka fara a Minnesota a 2008.

Abin da makarantar take nema ta yi da yaro

Idan kika tambayi makarantar gwamnati manufarta, za ta ce shirya yaro domin jami'a da aiki. Makarantar kilasikal ta Kirista ba ta ƙi wannan ba, amma ba ta sa shi a gaba. Abin da take sa wa a gaba shi ne hikima da nagartar hali, ta kuma ɗauka cewa ilimi ba ya tsayawa a abin da yaro ya sani, yana kaiwa ga abin da yake ƙauna da abin da yake ƙyama. Wannan tunani daga Agustin ya fito, wanda aka haifa a 354 a garin da ake kira Souk Ahras a Aljeriya ta yau, ya koyar da balaga a Carthage da Roma da Milan kafin ya tuba, ya kuma zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430. A wurinsa mutumin kirki shi ne wanda ƙaunarsa ta jeru daidai, Allah a sama da kome, sannan kowane abu a matsayinsa. Shi ya sa za ki ji malamansu suna yawan ambatar gaskiya da nagarta da kyau, kuma shi ya sa suke kashe lokaci a kan waƙa da zane da kyawun rubutun hannu, abubuwan da babu jarrabawar da take auna su.

Akwai tsohuwar gardama a ƙarƙashin wannan, wadda marubucin Kirista Tertullian na Carthage ya tayar tun wajen shekara ta 200 da ya tambaya me ya haɗa Atina da Urushalima, wato me Kirista zai nema a littattafan masu bautar gumaka. Agustin ya amsa da misalin Isra'ilawa da suka fita Masar da zinariyar Masarawa: duk gaskiyar da aka samu a wurin Plato ko Cicero ta Allah ce, Kirista yana da ikon ɗaukarta. Makarantun nan bayan Agustin suka bi. Saboda haka 'yarki za ta karanta labaran gumakan Girkawa tun tana ƙarama, daga baya ta karanta Homer da Virgil da Dante da Shakespeare, a aji ɗaya da ake karanta Farawa da Ishaya da Romawa na Littafi Mai Tsarki. Wasu iyaye sukan firgita idan yaro ya dawo gida yana ba da labarin Zeus, to gara ki san da wannan tun yanzu. Littafi Mai Tsarki a wurinsu ba darasi ɗaya ba ne a jadawali, shi ne ma'aunin da ake auna sauran karatun da shi, aƙalla a makarantun da suke yin abin da suka faɗa.

Tun safe har a tashi

Yini yakan fara wajen ƙarfe takwas. A makarantar da na koyar shugaban makaranta yakan tsaya a ƙofa, kowane yaro ya miƙa masa hannu, ya dube shi, ya gaishe shi da sunansa. Ki lura da wannan duban ido, domin a tarbiyyarmu ta gida yaro sunkuyar da kai yake yi a gaban babba, a can kuwa suna ɗaukar sunkuyarwar a matsayin rashin gaskiya ko tsoro, kuma yana da kyau ki yi wa malamar ajinta bayani tun farko. Daga nan sai taron safe na minti goma sha biyar zuwa ashirin: a rera Zabura ko tsohuwar waƙar yabo, sau da yawa babu kayan kiɗa, a karanta nassi, a yi addu'a, a yi tambaya da amsa na koyarwar bangaskiya. Sau ɗaya a mako akan yi cikakkiyar sujada ta dukan makaranta.

A ƙananan azuzuwa, inda 'yarki za ta shiga, safiya ta karatu da lissafi ce, lokacin da hankalin yara bai gaji ba. Ana koyar da karatu ta hanyar sautin baƙaƙe da ƙa'idojin haɗa su, ana koyar da rubutun hannu mai haɗe, ana haddar jadawalin sau. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne yawan rerawa. Malama takan tafa sau biyu, aji duka ya miƙe tsaye a bayan kujeru, su rera sassan jimla, ko jerin sarakunan Isra'ila da Yahuza, ko ƙasashen wata nahiya, ko sauye-sauyen aikatau na Latin, amo, amas, amat, suna nuna kansu, suna nuna na kusa da su, suna nuna bayansu da babban yatsa. Minti biyar an gama an zauna. Idan aka yi shi da kyau yara suna jin daɗinsa kamar wasa, kuma abin da suka rera suna da shekara takwas yana nan a kansu ranar da za su buƙace shi suna da sha biyar.

Amma abin da na fi daraja a ƙananan azuzuwa ba haddar ba ce, maimaita labari ne. Malama takan karanta shafi ɗaya ko biyu na tarihi ko na wani labari sau ɗaya tak, ta rufe littafin, ta kira yaro ɗaya ta ce ya faɗi abin da ya ji da kalmominsa. Yaron ya fara, ya tsaya, ya manta sunan kogin, wata ta ɗaga hannu ta cike masa, wani ya ce a'a, ai sarkin ya aika manzo tukuna kafin ya fita yaƙi. Malamar ba ta sa baki sai sun gama. Wannan ɗan aiki yana koyar da sauraro da jeranta tunani da magana a gaban jama'a lokaci guda, kuma daga shi rubutun insha'i yake tsirowa, domin a aji na 3 da na 4 abin da yaro ya saba faɗa da baki shi zai fara rubutawa. Idan kin koma ziyara, wannan ne abin da za ki nema ki gani. Ajin da yara suke rera abubuwa da yawa amma ba sa iya mayar da labari da bakinsu ya ɗauki ɓawon tsarin ya bar ƙwayar.

Tarihi ana bin sa ne a jere, daga tsohuwar Masar da Mesofotamiya zuwa Girka da Roma, zuwa tsakiyar zamani, zuwa yau, makarantu da yawa kuma suna zagaya wannan jerin fiye da sau ɗaya kafin yaro ya gama aji na 12, kowane zagaye da littattafai masu nauyi fiye da na baya. Bayan abincin rana da hutu akan yi kimiyya, wadda a wannan mataki yawanci kallon halitta ce, yara su fita da littafin zane su zana ganye ko ƙwaro su rubuta abin da suka lura da shi, sai kiɗa da zane da motsa jiki. Ana tashi wajen ƙarfe uku. Aikin gida yana da ɗan yawa, kuma ana sa ran iyaye su saurari hadda su kuma karanta wa yaro littafi da dare. Ke da kike aikin jinya, mai yiwuwa da aikin dare, wannan lissafi ne da ya kamata ku yi da maigidanki kafin ku sa hannu. A Texas akwai kuma makarantun da yaro yake zuwa kwana biyu ko uku kawai a mako, sauran kwanakin iyaye su koyar a gida bisa jadawalin malamai. Kuɗinsu ya fi sauƙi, amma sai da babba a gida da rana.

Daga aji na 7 yanayin yakan sauya. A nan ake fara mandiƙi a matsayin darasi mai zaman kansa. Nakan rubuta a allo cewa duk kifi yana iyo, agwagwa tana iyo, saboda haka agwagwa kifi ce. Kowa ya san ƙarshen ƙarya ne, dariya ma suke yi, amma sai na ce su nuna mini inda ƙaryar ta shigo tunda jimlolin farko biyu gaskiya ne. Sukan yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani ya zana da'ira babba ta masu iyo, ya sa kifi a gefe guda, agwagwa a ɗaya gefen, ya ga cewa zama a cikin da'ira ɗaya bai mai da su abu ɗaya ba. Mako mai zuwa sai su zo da tallace-tallace da jawaban 'yan siyasa masu irin wannan lanƙwasa, wani lokaci har da wa'azin da suka ji ranar Lahadi, abin da ba kowane fasto ne yake jin daɗinsa ba. A manyan azuzuwa akan jera tebura a zagaye, ɗalibai su zo sun karanta babi, malami ya jefa tambaya ya ja baya, kuma duk wanda ya yi iƙirari sai ya nuna shafin da ya dogara da shi. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan rubuta doguwar maƙala a kan wata mas'ala mai gardama, ya gabatar da ita da baki a gaban iyaye da malamai, sannan wasu alƙalai su yi masa tambayoyi ba tare da ya san abin da za su tambaya ba.

Latin, kimiyya da na'ura

Latin yana da amfani ta fuska biyu da na gani da idona. Fiye da rabin kalmomin Turanci daga gare shi suka fito, kai tsaye ko ta hanyar Faransanci, kuma ke kanki kina amfani da shi kullum a sunayen gaɓoɓi da cututtuka a asibiti. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: a Latin ƙarshen kalma ne yake nuna aikinta a jimla, saboda haka yaro ba zai iya yin cinta ba, dole ya tsaya ya duba kowace kalma ya yanke hukunci. Wannan horo ne na natsuwa. Duk da haka ba na yarda da masu cewa Latin kaɗai ne yake iya yin wannan, domin kowane harshe da aka koya da nahawunsa sosai yana horar da hankali, kuma gaskiyar magana ita ce kaɗan ne daga ɗaliban suke kaiwa ga karanta Virgil ba tare da ƙamus ba.

A lissafi ban ga dalilin damuwa ba a yawancinsu, domin manhajojin da suka fi amfani da su, Singapore da Saxon, masu ƙarfi ne. Kimiyya a manyan azuzuwa ita ce inda raunin yake, kuma dalilin kuɗi ne fiye da aƙida. Ƙaramar makaranta mai ɗalibai ɗari biyu da take haya a ginin ikilisiya ba za ta iya gina ɗakin gwaji irin na babbar sakandaren gwamnati ba, kuma da wuya ta riƙe ƙwararren malamin kimiyyar sinadarai da albashin da take biya. Ga yarinya mai shekara bakwai wannan ba matsalar yau ba ce, kuma babu abin da ya hana ku sake shawara idan ta kai aji na 9. Ki tambaye su kuma yadda suke koyar da asalin halitta, domin wasu suna tsayawa a kan kwana shida na zahiri, wasu suna gabatar da ra'ayoyin Kirista daban-daban, kuma a kowane hali ɗalibar da za ta karanci likitanci tana buƙatar sanin abin da jami'a za ta koyar. Game da kwamfuta, rashinta a ƙananan azuzuwa ban ɗauke shi asara ba. Yaron da ya iya karatu mai zurfi da lissafi da mandiƙi yana koyon na'ura cikin watanni, amma wanda ya saba da allon waya tun yana ƙarami yakan sha wuya kafin ya iya zama da littafi na awa guda.

Za su nuna miki alƙaluman da ke cewa ɗalibansu suna cin jarrabawar shiga jami'a fiye da na sauran makarantu. Ki karɓe su da hankali, domin iyayen da suke iya biyan kuɗin, suke kuma karanta wa 'ya'yansu littafi kowane dare, 'ya'yansu za su yi ƙoƙari a kusan kowace makaranta, kuma da wuya a raba abin da makaranta ta yi da abin da gida ya yi. Akwai jarrabawar CLT da aka fara a 2015 wadda ta dace da irin karatunsu, har jami'o'in gwamnatin Florida sun karɓe ta a 2023, amma ki tabbatar suna shirya yara domin jarrabawar SAT ko ta ACT ma, tunda su ne aka fi karɓa wajen shiga jami'a.

Abin da za ki bincika kafin ki sa hannu

Tsarin nan gaba ɗayansa a kan malami ya rataya. Dokar Texas ba ta tilasta wa makarantu masu zaman kansu ɗaukar malamai masu takardar koyarwa ta jiha ba, wanda yake ba su damar ɗaukar masana na gaske, yake kuma ba su damar ɗaukar wanda babi ɗaya kawai ya fi ɗalibansa. Ki tambayi shekara nawa malaman suke yi kafin su bar aiki, ki kuma tambayi malamar ajin 'yarki wane littafi take karantawa a yanzu domin kanta. Ki nemi takardar bangaskiyarsu ki karanta tare da maigidanki, domin abin da suka yarda da shi game da baftisma da matsayin mata da sauransu zai iya bambanta da na ikilisiyarku. Ki tambayi tsarin horonsu, tunda wasu har yanzu suna duka da izinin iyaye. Idan yarinyar tana da wata wahala ta karatu, ki sani makarantar gwamnati doka ta wajabta mata tanadi na musamman, mai zaman kanta kuwa ba haka ba.

Akwai batun da ba zan ɓoye miki ba tunda ku baƙaƙen fata ne a Amurka. Jerin littattafan da ake karantawa kusan duka na Turawa ne, kuma a wasu makarantun ana maganar wayewar Yamma kamar Afirka ba ta da hannu a ciki, alhali Agustin da Tertullian da Cyprian da Athanasius na Iskandariya duk manyan malaman ikilisiya ne 'yan nahiyar Afirka. Shi kansa Wilson ya haɗa hannu da wani fasto a 1996 suka fitar da ɗan littafi da ya sassauta munin bautar bayi a jihohin kudu, masana tarihi kuma suka yi masa ca. Makarantu da yawa ba su da alaƙa da wannan ra'ayi, wasu ma suna karanta jawaban Frederick Douglass da Martin Luther King, masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a darasin balaga, amma hakkinki ne ki tambayi yadda suke koyar da tarihin bauta, ki kuma duba fuskokin yaran da ke filin wasa, domin zama ita kaɗai baƙar fata a aji nauyi ne ga yarinya ƙarama. Tsarin kansa bai hana a yi shi a Afirka ba. Gidauniyar Rafiki tana gudanar da makarantu masu wannan tsari a ƙasashen Afirka goma, har da wadda take kusa da Jos. Abin da babu makarantar Texas da za ta ba ta shi ne Hausa, saboda haka ayar da ta haddace da Turanci a makaranta, ku karanta mata ita da dare a Littafi Mai Tsarki na Hausa, ta kuma maimaita muku labarin ranar da Hausa ko da tana gwamutsawa.

Ta fuskar kuɗi, a 2025 Texas ta yi dokar da za ta ba iyalai kimanin dala 10,000 a shekara ga kowane yaro domin makaranta mai zaman kanta, daga zangon 2026 zuwa 2027, sai dai kuɗin da aka ware yana da iyaka kuma sai makarantar ta shiga shirin, don haka ki tambaye su ko sun shiga. Makarantu da yawa suna da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi da kuma ga ɗa na biyu, amma sai an nema. Idan kuɗin ya gagara, makarantun Great Hearts, waɗanda suka faro daga Arizona, suna da rassa a San Antonio da yankin Dallas, suna koyar da Latin da manyan littattafai kyauta domin gwamnati ce take biya, sai dai babu sujada babu koyarwar bangaskiya, wannan ɓangaren zai koma wuyan gida da ikilisiya. Kowacce kuka karkata gare ta, ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji na 2 ko na 3 safiya guda a ranar da ba ta baƙi ba, sannan ki leƙa aji na 11 na rabin awa, domin a can ne za ki ji ko ɗaliban da suka shekara goma a hannunsu suna iya saɓa wa malaminsu da hujja da ladabi, su kuma nuna shafin.